Telan Da Ke Hawa Tudu Da Baya

Shekara arba'in da uku Tela ya yi yana taka keken ɗinki, kuma in ka tambaye shi zai ce maka bai taɓa kwanciya asibiti ba, kamar dai wani ne ya ce ya taɓa. Shagonsa yana gindin tudu, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Gidansa kuwa yana can ƙololuwa, inda titi ya ƙare. Mutum ne mara yawan magana, mai tafiyar sauri. Matarsa ta sha yi masa tsiya cewa tun da aka yi aurensu ba ta san komai a jikinsa ba kamar ƙeyarsa, don kullum yana gaba tana biye.

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinta na dama ya shanye. Hannu ya mutu, ƙafa ta yi nauyi, harshe ya karye. Likitan da ke koya mata motsa jiki ya ce maganinta tafiya, kullum, ba fashi. Sai Tela ya tsara abin yadda yake tsara yanka yadi: da safe su gangaro shago tare, ta zauna a kujerar roba tana ware masa maɓallai da hannun hagu, da yamma su hau.

Babbar 'yarsu, wadda ke aure a wani gari, ba ta so haka ba. Ta ce tana da ɗaki a ƙasa, babu tudu, babu matakala. Da ƙyar ta haƙura, amma ta kafa sharaɗi a gaban ƙannenta: ranar da Baba ya kasa hawa da Mama, ranar za ta zo ta ɗauke ta. Kowa ya san Tela ba zai bar shagonsa ya je ya tare a gidan suruki ba. Wato in an ɗauke ta, an raba su ke nan.

Ana cikin haka agararsa ta dama ta fara ciwo, jijiyar nan mai kauri da ke bayan diddige, wadda ta yi shekara arba'in da uku tana tura keke. Da farko sai da safe, in ya sauko da ƙafa daga gado ya ji ta sandare kamar busasshiyar igiya. Daga baya wurin ya kumbura, ya yi ɗan ƙullutu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya da sauƙi. Amma da ya fuskanci tudu, diddige ya yi ƙasa, yatsu suka yi sama, sai ya ji kamar ana ja masa ita da filaya. Bai gaya wa kowa ba. Asibiti kuwa bai ko yi tunaninsa ba, domin ƙawar 'yarsa a can take aiki, kuma bakinta ba ya riƙe magana.

Wata yamma a tsakiyar hawa ciwon ya tsayar da shi cak. Don kada matar ta gane, ya juyo kamar zai gyara mata mayafi, ya kama hannayenta biyu, ya ja da baya taku ɗaya. Bai ji komai ba. Ya ƙara taku, ya ƙara wani. Haka suka kai gida, shi da baya, ita da gaba, suna fuskantar juna.

Kafin mako ya zagayo unguwa ta ɗauka. Mai fenti ya ce Tela ya sa giyar baya ya manta yadda ake cire ta. Matan layin kuwa suka samu abin gorin mazajensu: ku dubi tsoho yadda yake lallaɓa matarsa. Tela yana jin yabon, kunya tana cinsa, don ya san ba tausayi ne ya juyo da shi ba, diddige ne.

Sai dai mai tafiya da baya ba ya ganin hanya. Rana ta uku ya yi tuntuɓe da bakin kwalbati, saura kaɗan su zube su biyu. Washegari da suka iso wurin, matar ta yi ta kokawa da harshenta, can ta ce, "Rami." Kalma ce ta farko da ta fita sarai daga bakinta cikin wata bakwai. Daga nan ta zama idonsa. Rami. Dutse. Hagu. Mota. A hankali kalmomin suka fara haɗuwa biyu-biyu, har ta kai ga cewa ya rage sauri, ba gasa ake ba. Likitanta ya yi ta mamakin yadda maganarta ke dawowa, ya ɗauka atisayen da ya ba ta ne.

Wata safiya Tela ya zura ƙafa a takalmi ya ji diddigensa ya hau kan wani abu mai laushi. Ya ciro ya duba. Soson kafaɗar kwat ne, irin wanda yake ajiyewa a akwatin ƙarƙashin tebur, an yanke shi daidai faɗin diddige. Yankan a karkace yake, gefen duk tsaga-tsaga. Wanda ya yi shekara arba'in da almakashi ba ya buƙatar a gaya masa cewa hannun hagu ne ya yi wannan aiki, kuma ya daɗe yana yi. Ya mayar da soson ya ɗaure takalminsa. Da diddigen ya ɗan ɗago sai ciwon ya ragu sosai.

Labarin tafiya da baya ya kai kunnen babbar 'yar, kuma ita ba ta cikin masu ganin soyayya a ciki. Ta zo ba sanarwa, ta same su suna rufe shago, ta ce su hau tana biye. Tela ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da aka kwantar da matar. Ya yi niyyar hawa da gaba kamar kowa, ya yi taku huɗu, gumi ya karyo masa. Matar ta tsaya, ta miƙa masa hannunta mai lafiya. Dole ya juyo.

A bakin kwalbatin nan 'yar ta sha gabansu.

"Baba, ka gaya mini gaskiya. Me ya sa kake tafiya haka?"

Tela ya buɗe baki. Bai iya ƙarya ba, ko ranar karɓar ɗinki bai taɓa iya ta ba, abin da ya sa abokan sana'arsa ke ce masa ba cikakken tela ba ne. Matar ce ta riga shi, a hankali, tana ɗaga kowace kalma kamar mai ɗaga bokitin ruwa.

"Ni na ce ya juyo. Shekara arba'in ina bin ƙeyarsa. Yanzu fuskarsa nake so."

'Yar ta dubi uwar, ta dubi uban, sannan ta dubi ƙasa. Gefen soson ya leƙo ta bayan takalminsa na dama, fari fat. Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta durƙusa a kan titi, ta sa yatsa ta tura shi ciki, ta miƙe ta kaɗe gwiwarta. Ta ce gobe da safe za ta raka Mama wurin likita, kuma tunda Baba ne mai riƙe ta, ai sai ya shiga ɗakin tare da su. Maganar ɗakin ƙasa ba ta tayar da ita ba, har ta koma.

Yanzu kowace safiya Tela yana tsayawa a bakin matakalar gida, ya dafa bango, ya ɗaga diddige ya sauke a hankali sau goma sha biyar, matar tana ƙirga masa. An saya masa abin ɗaga diddige na kanti, yana cikin akwatin maɓallai har yau a ledarsa. Likita ya ce nan da wata uku zai iya hawa da gaba. An yi wata takwas da faɗin haka, har yanzu da baya yake hawa, kuma mai fenti ya gaji da tsokana ya daina.