Mutum Takwas Na Ɗaukar Delin

Maƙwabciyata Pang ce ke rubutawa, ni Dang Guizhi ban yi boko ba. Na ce mata kar ta gyara ko kalma ɗaya.

Delin, ƙanin mijina, ran Talata tara ga wata na goma aka ce ka mutu a asibitin birni. Ban yi kuka ba, kar a yi maka ƙarya.

Yayanka Dehai, mijina, shi ne ya yi maka makaranta da guminsa, shekara ashirin yana zuba gawayi a tashar lantarkin garinmu. Ka zama injiniya, ka kawo dabararka: wai kowace tasha ta gaya wa maƙwabciyarta nawa wutarta ke ci, su daidaita tsakaninsu, mai araha ta yi aiki, mai tsada ta huta. Babu oga. Tamu tsohuwa ce, ta yi ta hutawa har aka sa mata kwaɗo.

Dehai ya tambaye ka, "Ƙane, wa ya rufe mu?"

Ka ce, "Yaya, ba kowa. Lissafi ne."

Ya ce, "To kira min lissafin nan in mare shi."

Da wannan tambayar ya mutu.

Gaskiya dai, wuta ta yi araha, kuma duk sabuwar shekara kana kawo min garin alkama da kanka. Na ci, ban yafe ba.

Yanzu an kawo ka gida, ana neman mutum takwas su ɗauki akwatinka zuwa tudun kakanni ran Lahadi. Duk majiya ƙarfin garin nan ƴaƴan ma'aikatan tashar ne. Ɗanka ya bi gida gida. Wannan ya ce in maƙwabcina zai ɗauka zan ɗauka, wancan ma haka. Ba wanda ya ƙi, ba wanda ya yarda. Ka ji yadda abin yake?

Ni ba na son haka. Ubangiji ya yi maka sauƙi, ya ba matarka haƙuri, ita ba ruwanta.

Ku kuma mutanen gari, ku saurara. Gidan Geng, Dehai ya ɗauki gawar ubanku, ku kawo mutum uku. Gidan Lu, biyu. Ƴaƴana uku su cike, gaba za su riƙe. Ɗan Delin kuma, kafin a ɗaga akwatin, ya durƙusa a kabarin Dehai ya ce, "Babana ne ya rufe muku tasha."

Wanda ya tambayi wa ya yanke haka, a ce masa ni ce. Ya san ƙofata.