Laust da Sunan Ubansa Rasmus

Laust Rasmussen masunci ne a gaɓar tekun yammacin yankin Jylland, mutum mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri. Kowa a ƙauyen ya san hanyar tunzura shi: ka kira shi da cikakken sunansa. Rasmussen dai ɗan Rasmus ke nan, Rasmus ɗin kuwa mashayi ne da ya ƙarar da kwale-kwalen gidan a barasa, ya tsallake ya bar mata da 'ya'ya suna tsintar kawunan kifi a bakin teku.

Abu ɗaya ke sanyaya wa Laust zuciya. A al'adarsu sunan uba ba ya wuce kan 'ya'yansa. Ɗan Laust zai zama Laustsen, 'yarsa Laustdatter, sunan Rasmus kuwa ya ƙare daga kansa.

Da matarsa Bodil ta haifi mace, ya sa rigarsa ta Lahadi, suka ɗauki jaririyar zuwa wurin fasto don shirin baftisma.

"Kirstine Laustdatter," in ji Laust, yana murmushi.

"Kirstine Rasmussen," fasto ya gyara masa. "Umarnin gwamnati ne daga Kopenhagen, Laust. Sunan da uba ke ɗauke da shi ya zama na gida, har jikoki."

"Ɗan Rasmus? Ranka ya daɗe, buɗe zanen ka duba mana! Mace ce!"

"Laust, a gaban fasto kake," Bodil ta ce, tana jan hannun rigarsa.

"Sake ni, Bodil! Ni na shiga teku cikin ƙanƙara, ni na gina ɗakin da aka haife ta. Wancan ɗan giyar ko ƙusa bai bar mini ba. Shi za a ba 'yata?"

Fasto ya ce ba shi ya yi dokar ba. Laust ya ce to wanda ya yi ta ya zo ya ci da yarinyar. Ya banko ƙofa ya fita. Aka yi baftisma ba da shi ba, kuma bai sake taka cocin ba, ko da aka haifi ƙannenta maza aka liƙa musu sunan nan.

A ƙauye ba wanda ya bi ta kan doka, Kirstinen Laust ake ce mata. Wannan bai ishe shi ba. Da ta girma ta tafi aikatau birnin Aarhus, ta dawo gida tana ba shi labari.

"Baba, a layinmu kaɗai Rasmussen sun fi kaji yawa. Kowa da nasa Rasmus ɗin, ba wanda ya ma san naka."

Ta ɗauka zai yi dariya. Ya ajiye komar da yake ɗinki, ya dube ta.

"Ni na san shi," ya ce.

Ya mutu da tsufa, a kan gadonsa, yana faɗa da Bodil a kan ta rufe taga.