Reshen da na tsinto a cikin itacen girki

Jikata da ke karatu a jami'a ta ce mini yanzu a cikin kwalba ake shuka fulawa. Wai a ɗan gutsuro ganye, bai kai yankan farce ba, a sa shi a ɗakin gwaji, sai ga tsiro ba adadi. Na ce mata Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai reshe ɗaya ya kusa zautar da ni.

A gidanmu na Gumel akwai wata fulawa mai ƙaya da ta haye katangar tsakar gida, furenta ja, sakayau kamar takarda. Baba ne ya samo ta a gidan saukar baƙi lokacin yana aikin En'e, hukumar gargajiya ta da. Ba ta 'ya'ya, ba a miya da ita, ba ta maganin komai, abokansa har tsiya suke masa wai yana kiwon abin da ko akuya sai ta rasa take ci. Iri kuwa babu, sai dai a yanki reshe a dasa. A gindinta muka yi wayo, a nan yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar.

Da aka yi mini aure, aka tura maigidana aikin asibiti Sule Tankarkar, na ce sai na ga jan furen nan a gidana. Duk zuwa ganin gida sai Baba ya yanko mini reshe, in naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma in rungume a motar kasuwa. In na isa in cika tukunya da taki, in yi ta kwarara masa ruwa safe da yamma. Mu mutanen rairayi, in muna son abu ruwa muke ba shi. Duk wanda na dasa sai ya yi baƙi daga ƙasa ya ruɓe. Baba dariya kawai yake yi, ya ce, "Ke dai akwai ci da zuci. Tana nan, ai ba gudu za ta yi ba."

A shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Maigatari Allah ya yi masa rasuwa. Da aka zo rabon gado aka ce a ja katanga a raba gidan tsakanin yayyena, katangar kuma ta bi daidai ta gindin fulawar. Ba wanda ya aiko mini. Na iso na tarar magina sun tumɓuke ta, an sassare an tara a bakin murhu. Na yi faɗa ranar, faɗan da har yau ban yi nadamarsa ba. Sannan na durƙusa na tone itacen, na samu wani reshe mai kaurin yatsa da ya rage da ɗanyen jiki.

Na koma da shi ina sane da cewa in wannan ya mutu shi ke nan. Ga shi ruwa ya zama abin da ya zama. Rijiyar garin sai an ƙara wa guga igiya, 'yan ga-ruwa sai wanda suka ga dama. Ban da bakin da zan ce a zuba wa fure tulu guda alhali yara na jiran na sha. Sai na soke reshen a tsohon gwangwani da rairayi zalla, na ajiye a inuwar rumbu, na kifa masa yagaggen kwando saboda awaki. Alwalata na mayar wurin. Abin da ya ɗiga daga hannuna da fuskata, shi ne rabonsa. Maigidana ya gani, shi ma ya dawo da butarsa nan.

Ya daɗe a sandarsa, ba rai ba mutuwa. Ina jin tausayinsa, ina ganin yunwa da ƙishi nake kashe shi da su. Wata safiya na ɗaga kwandon na ga ɗan kore ya ɓullo a gefen wata ƙaya. Ashe duk shekarun nan ruwan ne ya yi wa rassan yawa. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don wanda zan ba wa labarin ya yi mini dariya ba ya nan.

Sai da damina ta zagayo ya yi ƙarfi na ɗauke shi da gwangwaninsa na kai wa Inna, mahaifiyata. A lokacin ciwon idonta ya yi nisa, tana ɗan ɗakin da aka bar mata a sashen babban yayanmu. Ban gaya mata ko mene ne ba, na ajiye a gabanta. Ta miƙa hannu tana laluba ganyen, ƙaya ta soke ta. Ta sa yatsan a baki.

"Ita ce," ta ce. "Shekara da shekaru tana yaga mini zane. Na sha roƙon Malam ya sare ta."

Na ce, "To Inna, in koma da ita?"

Ta jawo gwangwanin ta matso da shi jikin tabarmarta. "Bar ta nan," ta ce. "Miƙo mini butata."