Tunkiyata da Ƙwaƙwalwar Motar Baba

Ranar Juma'ar farko bayan Ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji biyar na firamare, motar Babanmu ta ƙi tashi a ƙofar gidanmu da ke Toranke. Ina tsaye da bokiti a hannu, don gama wanke ta ke nan. Baba ya fito cikin farar shadda zai tafi masallaci, ya murɗa makulli, injin ya yi ta gurnani bai kama ba. Sai Baffa Ado, yayan Baba, ya taso daga tabarmarsa a gindin darbejiya, ya dubi bokitina ya ce, "Ai ga shi nan, yaron nan ya ɗura mata ruwa a ciki." Ban gama rantsuwa ba na ji mari daga hannun Baba, har kunnena ya yi ƙara. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

Wankin motar nan aikina ne, kuma da shi nake yi wa yaran makarantarmu yanga. Amma kafin mota akwai Kyalla, tunkiyar da kakata ta ba ni lokacin da aka yi mini kaciya. Da sassafe kafin in tafi makaranta sai na zuba mata harawa, na dama mata dusa da jar kanwa. In an tashi, abokaina su tsaya langa da ƙwallon tsumma a filin makaranta, ni kuwa in ɗauki lauje in bi gefen gonakin gero ina yankar mata ciyawa. Tun daga nesa take gane tafiyata ta fara kuka. A lokacin tana da ciki, har na riga na raɗa wa ɗan suna a zuciyata. Mota kuwa jikinta na waje kawai nake wankewa da gilasai da tayoyi. Bonet ko inda ake buɗe shi ban sani ba.

Wanda ya san inda ake buɗe shi Baffa ne. Yana da tsohuwar akori-kura da yake kwasar taki da buhunan gyaɗa, batirinta kullum a mace. A unguwarmu kuwa batir ɗaya mai rai ya ishi motoci uku. Kusan kullum da safe Baffa zai tayar da motar Baba, ya kwance batirin injin yana aiki, ya ɗaura mataccen nasa wai ya sha caji, ya kai mai ran ya tayar da akori-kurarsa. Haka suka saba da tsofaffin motoci, ba abin da ke samun su. Amma ta Baba ta zamani ce, 'yar Kwatano. Tun kafin azumi ta fara nuna alama: wata fitila mai ruwan ɗorawa ta riƙa kamawa a gaban direba, ta riƙa mutuwa a tsakiyar hanya, tana shan mai kamar rijiya, tana fitar da baƙin hayaƙi. Duk gidan an ga wannan, amma ranar da ta mutu gaba ɗaya sai aka ga bokitina. An bar jaki ana dukan taiki.

Makaniken Ajingi ya sauya filogi, ya sauya famfon mai, ya duba fiyus, shiru. Daga ƙarshe ya ce a kai ta Gaya wurin mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota. Akori-kurar Baffa ce ta ja ta da igiya, ni kuma Baba ya ce in shiga baya in je in ga ɓarnata da idona. Mai wayarin ɗin wani siriri ne marar yawan magana. Ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya ce motar ba ta amsa masa. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, duk lafiya. Sannan ya kwance wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin littafi, ya ce wannan ne birenbos, ƙwaƙwalwar mota, shi ke ba da umarnin mai da wuta. Ya buɗe shi a gabanmu. A bushe yake ƙamas, ba tsatsa, ba alamar ruwa, sai wani baƙin tabo a gefe da ƙaurin ƙuna da ya bugi hancina.

"Alhaji, wuta ce ta yi masa yawa," in ji shi. "Akwai mai cire batir mota tana kunne?"

Zuciyata ta yi fari ƙal, na ce yau gaskiya ta yi halinta. Baba ya dubi yayansa, Baffa ya dubi titi yana gyara hula. Sai Baba ya ce, "Yaro ne ya zuba mata ruwa." Na buɗe baki na ce ai Baffa ne ke cirewa kullum, Baba ya daka mini tsawar da ta sa masu faci a maƙwabta suka waiwayo. Mai wayarin ya dube ni, ya dubi dattawan biyu, ya ce, "To, Alhaji. A dai daina cire batirin." 

Ba a gyara irin wannan akwati, sai dai a sauya, kuma dole lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta tsohon, a kuma haɗa shi da makulli a na'ura. Daga Kano za a kawo shi. Da muka dawo gida Baba ya yanke hukunci a tsakar gida, a gaban kowa: wanda ya yi ɓarna shi zai ɗanɗana, Kyalla za ta shiga cikin abin da za a sayar a haɗa kuɗin akwatin. Na faɗi ina birgima, na kama ƙafar Inna, mahaifiyata. Ta ɗaga ni ta kaɗe mini ƙasa, ta ce a hankali, "Ba a kunyata babba a gaban ƙaninsa. Ka yi haƙuri." Haƙuri! Wato su ma a cikin gida sun sani. Ranar kasuwa ni aka ba igiyar, don ba ta bin kowa sai ni. Ni na ja ta da cikinta har hannun dillali, tana bina a baya tana shinshinar rigata, ta ɗauka ciyawa za mu.

Aka kawo sabon akwati aka ɗaura, murɗawa ɗaya mota ta tashi, fitilar nan ta mutu. Ba a yi mako ba Baba ya dawo daga Gaya da sabon batir fil a kwalinsa, ya aika wa Baffa, wai kyauta. Ni aka aika in kai. Kai, ranar na san baƙin ciki! Ashe Baba bai taɓa shakka ba. Ya san wanda ya ƙona ƙwaƙwalwar, ya toshe ƙofar ɓarnar cikin mutunci, ya bar ni da sunan maɓarnaci da turke ba tunkiya. Na daina wankin mota, na daina yankan ciyawa, na yi watanni ba na haɗa ido da shi.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba. Ina kewar gidan nan da hayaniyarsa, ina kewar Baba, amma kewa ba ta wanke abin ba. Yau ko a waya ana iya duba ciwon mota, yara kuma suna mayar wa manya magana ba a ce sun yi saɓo ba. Baffa Ado yana nan, ya tsufa tukuf, ni nake kai shi asibiti a motata. Da Sallar bara, 'ya'yana suna zaune a gabansa, ya nuna ni da sanda yana dariya ya ce, "Kun ga ubanku? Shi ya taɓa yi wa ƙwaƙwalwar mota wanka." Yaran suka kwashe da dariya, suka juyo suna jiran in ce wani abu. Na dubi farin gemunsa, na haɗiye maganar. Ashe shirun ma gadonsa ake yi.