Ƙanena Mai Goge Gilashin Jirgi

Ƙanena Kyaftin bai taɓa tuƙa jirgi ba. Ko mota bai tuƙa ba, iyakarsa keke. Sunan ya samo shi ne tun muna yara, lokacin da gidanmu yake bayan katangar filin jirgi, inda in jirgi zai sauka sai kwanukan Inna su riƙa rawa a kan kanta. Mu sauran yara mukan toshe kunne. Shi kuwa sai ya kife bokiti ya hau, ya riƙe murfin tukunya da hannu biyu, yana karkata shi hagu da dama har jirgin ya taɓa ƙasa lafiya, sannan ya sauko yana share zufa. Inna takan ce, "Sannu da aiki, Kyaftin. To a ba ni murfina, miyata na shan iska."

Ni ban yi nisa a karatu ba, gyaran keke na koya. Shi yana da kai. Da ya zama saurayi ya je neman shiga makarantar koyon tuƙin jirgi, ya ci jarrabawar rubutu. Sai aka zo gwajin ido. Aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige kala-kala, aka ce ya faɗi lambar da ke ciki. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce shi bai ga lamba ba. Ashe ja da kore duk ɗaya ne a wurinsa. A gida mun daɗe da sanin in aka aike shi sayen tumatir ɗanye yake kwasowa, amma mun ɗauka sakarci ne na yaro mai kai a sama. Ranar da ya dawo ba a ɗauke shi ba, wurina ya nufo. Ya zauna kusa da ni a shago yana juya tayar keke da yatsa har ta gaji ta tsaya.

Bai yi fushi da jirgi ba, da idonsa ya yi fushi. Ba a jima ba ya sami aiki cikin masu wanke jirage, daga baya aka bar masa gilashin gaba, wanda matuƙa ke gani ta cikinsa. Aikin ke nan har ya yi furfura.

Na sha jin yadda ake yi, har ina jin ko ni zan iya. Akan turo tsani mai taya zuwa hancin jirgi. Kafin ya hau sai ya cire agogo da zobe, don kada su karce gilashin. Tsumma biyu yake riƙewa, ɗaya jiƙaƙƙe, ɗaya busasshe, masu laushi kamar zanen goyo. Ba a gogewa a kewaye, sama da ƙasa ake yi, a hankali. Ƙwarin da suka mutu a jiki sai an jiƙa su an jira, ba a kankare su. In ya gama yakan hura wa gilashin numfashi, ya karkata kai ya duba ta gefe. A nan ne yakan daɗe. Ta cikin gilashin yana ganin kujeru biyu, da maɓallai birjik har a rufi, wani lokaci da hular matuƙi rataye, ko kofin shayin da aka manta. Ya ce kullum kamar mai leƙen ɗakin da aka shirya masa, aka manta ba a kira shi ba.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai. Kusan kowane jirgi, a can kusurwar ƙasa ta hagu, akwai wani ɗan tabo kamar hazo. Ya goge, ya hura, ya goge, yana nan. Har a wajen cin abinci yakan kawo zancensa. Matarsa takan ce, "Kyaftin na tsani, ka bar tabon nan ya huta, ka ci abincinka. Madubina ka goge shi har ya fara nuna min tsufan da ban yi ba."

A wancan zamani ƙofar ɗakin tuƙi ba a tsananta mata ba. Yakan ba mu labarin samari masu son aikin, waɗanda in jirgi ya daidaita a sama sukan roƙi ma'aikaciya, a kai su gaba su tsaya bayan matuƙa su yi kallo. Shi bai taɓa hawa ba balle ya roƙa. Amma matuƙa sun san shi, sukan ɗaga masa hannu ta gilashi. Wata rana wani cikinsu ya leƙo ya ce ya zagayo ya shigo ya gani. Ƙanena ya yi godiya, ya ƙi.

Na ce masa, "Kai wane irin mutum ne? Ana ba ka kana noƙewa."

Ya ce, "Yaya, ɗakin nan a ƙasa ɗaki ne kawai. In ka zauna, bangon filin jirgi za ka gani da motar kaya. Ni in zan shiga, a sama zan shiga."

Na ce, "Da wane fiffiken?"

Ya ce, "Akwai rana."

Rana ta yi ta zuwa tana wucewa. Aka haifi yara, aka aurar da su. Duniya ta canza, aka sa wa ƙofar ɗakin tuƙi makulli, aka ce daga tashi har sauka ba mai shiga. Ya ji, ya ci gaba da hawa tsaninsa har ya ajiye aiki.

Bayan nan ne idon ya sake cin amanarsa. Ya fara tuntuɓe da kujera, yana neman kofin da ke gefen hannunsa. Ya ce ganinsa na tsukewa daga gefe-gefe, kamar mai leƙe ta bututu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. Likita ya ce hawan jinin ido ne, sai a je babban asibiti a wani gari mai nisa, kuma kada a ɓata lokaci a hanya. Aikin ma, in ji shi, ko a dace ko a rasa. Autarsa, wadda take aikin jinya, ita ta shirya mana tafiya ta jirgi, ni ne ɗan rakiya.

Da aka gaya masa, bai tambayi komai kan asibiti ba. Ya sa aka wanke masa farar riga, ya ninke sabon tsumma ya sa a aljihu. Matarsa ta ce, "Asibiti za ka ko wajen aiki?" Ya ce, "Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana."

Da yamma muka tashi. Na ba shi kujerar taga. Lokacin da jirgin ya zabura ya rabu da ƙasa, ni na ƙanƙame hannun kujera, shi kuwa fuskarsa ta saki kamar ta mai barci. Ya manna goshi a taga, ya jima, sannan ya janye.

Na ce, "To ga sama. Ka gani?"

Ya ce, "Wannan tagar ta 'yan rakiya ce, Yaya. Abin da ake wucewa kake gani. Ni inda aka dosa nake so."

Da ma'aikaciyar jirgi ta zo da keken shayi, wata doguwar yarinya mai fara'a, sai ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"'Yata, wata alfarma nake nema."

"Faɗi, Baba."

"A kai ni gaba. Ba zan taɓa komai ba. Daga bakin ƙofa ma ya isa, in leƙa ta gilashin nan sau ɗaya."

Ta rage murya. "Ayya, Baba, ka yi haƙuri. Doka ce. Ko ni sai da dalili ake buɗe mini."

"Na san dokar," in ji shi. "Na ce ko ta gaji ta yi gyangyaɗi yau."

Ta yi dariya, ta miƙa masa shayi. Ya karɓa bai sha ba. Ni da ba mai yawan magana ba, na ga in na yi shiru yau na cuce shi. Na bi ta har inda suke ajiye kofuna, na gaya mata ko wane ne, da aikin da ya yi, da abin da likita ya ce. Na ce mai yiwuwa wannan ce sama ta ƙarshe da zai gani. Ta tsaya da butar shayi a hannu. Ta ce ƙofa dai ba za ta buɗu ba, amma za ta faɗa a gaba.

Na dawo na zauna. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya rufe ido. Na ɗauka magana ta ƙare.

Sai lasifika ta yi ƙara a kanmu, muka ji muryar mace, a natse. Ita ce matuƙiyar jirgin.

"Jama'a, ku ara mini kunnenku kaɗan. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge mana gilashin gaba. Ya nemi shigowa, doka ta ɗaure mini hannu. To Baba, tunda ba ka zo ba, bari in kawo maka."

Ƙanena bai buɗe ido ba. Yatsunsa dai suka kama bakin hular.

"A gabanmu babu hanya, babu layi, babu komai da za a bi. Gajimare ne shimfiɗe ƙasa da mu, fari, kamar audugar katifa da aka baza a shanya, har inda ido ya tsaya. Daga nan sai shuɗi. Rana tana hagu, ta yi ƙasa, ta taɓa bakin gajimaren ya yi ja. Ta wata 'yar kafa ina hango kogi can ƙasa, kamar zaren da tela ya yar."

Ya matso kusa da kunnena. "Ja? Wane irin ja, Yaya?"

Na leƙa ta taga. Na ce, "Irin na nunannen tumatir. Wanda ba ka taɓa sayo wa Inna ba."

Ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa, ruwa na bin gefen hancinsa.

"Yanzu ga wani gajimare ya miƙe tsaye a gabanmu," in ji muryar, "dogo, kansa kamar na farin kabeji. Irinsa ba a shiga cikinsa. Za mu ba shi hanya, mu bi ta dama."

Kafin jirgin ya motsa, na ga ƙanena ya ɗaga hular da hannu biyu, ya karkata ta dama sannu a hankali. Sai ga jirgin ya kwanta ya bi. Shayin da ke kofi ya jingina gefe guda. Hasken yamma ya shigo ta tagogi ya bi kan kujeru ɗaya bayan ɗaya, ya wuce ta fuskarsa. Ya daidaita hular, jirgi ya daidaita. Ban sani ba ko kunnena ne, amma na ji kamar kwanukan Inna na rawa a wani wuri.

Bai ajiye hular ba sai da tayoyi suka taɓa ƙasa. Sannan ya share zufa.

Mutane suka fita, wasu na waiwayen neman dattijon. Yarinyar nan ta zo ta ce, "Baba, yanzu ƙofa a buɗe take. An ce ka shigo, in kana so."

Na tuna tsohon taurin kansa, na zuba masa ido. Ya ce, "Mu je. Ai na san hanya."

Ɗakin ƙarami ne, sai da muka sunkuya. Matuƙiyar, mace mai ɗan shekaru da tabarau a goshi, ta tashi ta ce, "Zauna, Baba. Sannu da aiki." Ya ce, "Ranki ya daɗe, ke ce da aiki." Ya zauna a kujerar hagu. A waje babu abin gani sai bango da motar kaya, kamar yadda ya faɗa tun da daɗewa. Bai damu ba. Ya riƙa juya kai, yana bin gilashin da ɗan bututun ganin da ya rage masa, daga sama zuwa ƙasa. Da ya kai kusurwar hagu sai ya tsaya cik.

Ya zaro tsummansa, ya hura numfashi, ya goge sau ɗaya. Tabon ya tafi.

"Yaya," ya ce, "ashe ta ciki yake."

Matuƙiyar ta duba, ta kama baki. Ta ce nan ne suke dafawa da hannu in za su tashi daga kujera. Ƙanena ya girgiza kai, ya ce, "Shekara da shekaru ina zargin kaina, ashe ku ne." Muka yi ta dariya mu huɗu a ɗan ɗakin nan.

An yi aikin idon. Ya riƙe masa abin da ya rage na ɗan lokaci, daga baya ganin ya tafi. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Da yamma nakan rufe shago in je mu zauna a ƙofar gidansa. In jirgi ya taso ya bi ta kanmu, yakan ɗaga fuska, ya saurara, ya ce mini, "Yanzu sun fita daga gajimare. Rana na hagu." Matarsa daga ciki takan ce, "Kyaftin, in kun sauka, abinci na sanyi." Shi kuwa sai ya ɗaga mata hannu, wai ta dakata, akwai wani dogon gajimare a gaba da za a kauce wa.