Yatsun Kumfa Sun Ƙi Yin Kanta

Duk zuriyarmu babu wanda ya zo duniya da fushi kamar Kumfa, ɗan gwaggona. Gwaggo da bakinta ta ce ranar da aka haife shi bai yi kuka ba, tsaki ya ja, ya harari ungozoma. Har yau kuma bai huce ba.

Sunan Kumfa daga sana'a ya samo shi. Wanki da guga ya gada wajen mahaifinsa, tare da wata rumfar kwano a bayan layin masu gyaran babur, da bahuna, da rabin duro, da igiyoyin shanya da suka girme shi. In yana bugun riga a kan dakali, sai ka rantse mai rigar na ciki. Wanda ya bar cingam a aljihu kuwa, har kakanninsa sai sun ji a jikinsu. Amma aikinsa tas yake fita, shi ya sa mutane ke haɗiye zagin su dawo.

Wata rana da la'asar ya kai zannuwan gado wani otal, yana tafe yana faɗa da ƙullin da ke kansa. Sai ya ji wani sauti daga babban zauren taro. Ya leƙa. Wani tsoho ne siriri zaune a kan lasifika, shi kaɗai, yana kaɗa jita. Kumfa ya tsaya da kaya a ka har wuyansa ya ƙage. Da tsohon ya gama, Kumfa ya laluba ƙirjinsa ya ji babu fushi ko na magani. Abin ya ba shi tsoro. Tunda yake, bai taɓa jin ƙirjinsa wayam haka ba, kuma nan take ya san yana son ƙari.

Tsohon nan shi ake kira Oga Mai Jita. Tun kafin a haifi Kumfa yake kiɗa a otal-otal da wuraren taro, shi da yaransa masu ganga da algaitar Turawa. Ya dubi Kumfa sama da ƙasa.

"Me kake yi?"

"Wanki."

"Madalla. Ba na karɓar kuɗin koyo. Kayan da muke hawa dandali da su za ka riƙa wanke mana. Ranar da ka kawo kaya, ranar darasi."

Ya ara masa wata tsohuwar jita mai tabon sigari a ciki. Kumfa ya rungumo ta zuwa gida kamar jaririya. Matarsa ta ce ita ko ranar da aka kawo ta ba a riƙe ta haka ba.

Ɗakin Oga ɗan tsukuku ne a saman wani shagon taya. Wayoyi a ƙasa kamar gidan macizai, fanka babu murfi, kujera kuwa sai dai ka zauna a kan akwatin kayan sauti. A nan masifar ta fara. Mai kaɗa jita dole ya danne wayoyin ƙarfe da kan yatsun hagu, a hankali fatar ta yi kanta ta daina jin zafi. To, Kumfa daga safe zuwa azahar hannunsa na cikin ruwan sabulu. Yatsunsa fari fat, a yamutse, laushi kamar soson katifa. Ya danna waya, waya ta shige. Kantar da ya tara da yamma, da safe ta bi ruwan wanki ta tafi kwata.

"Danna mana!" in ji Oga. "Danna! Shafa ta kake yi? Ƙanwarka ce?"

"Ina dannawa, Oga!"

"Wannan sautin da ke fita, kuka ne ko tari? Kawo hannun. Kai! Wannan yatsa ne ko kitse? Taɓa nawa."

Kumfa ya taɓa. Wallahi kan yatsun tsohon nan sun fi kofaton jaki. An ce allurar asibiti ta taɓa lanƙwashewa a kansu, likita ya nemi gafara.

"Sannan ƙafarka fa? Ta mutu ne? Na ce ka riƙa buga ƙafa kana bin kiɗa. Kai ko tafiya ba ka yi daidai, kamar mai gudun kare."

Haka ake yi duk zuwa. Kumfa ya haɗiye, ya haɗiye, mutumin da bai taɓa haɗiye ko yawu don wani ba. Ya dawo gida ya sauke a kan kaji. Ya gwada safar hannu ta roba, ta yage a wankin farko, masu gyaran babur suka sa masa Likita. Ya ɗaure hannun hagu a leda, gumi ya jiƙa shi fiye da ruwa. Wani ya ce ya riƙa tsoma yatsun a ruwan gishiri. Ya tsoma da sabon yanka a jiki, ihun da ya yi sai da jariran layin suka farka.

"Baban yara," in ji matarsa, "ka ce abin nan sanyaya maka rai yake yi. Ni dai tunda ya shigo gidan nan ko kyanwa ta yi ƙaura."

"Ke, rufe mini baki! Ba ki san kiɗa ba!"

"Ai kai ma haka Oganka ya ce."

Ranar da abin ya fashe, Kumfa ya kai kaya a goge, ya zauna, ya danna waya, yatsan tsakiya ya tsage, jini ya ɗiga a wuyan jita. Oga ya fizge ta ya goge da hannun riga.

"Ka ga, yaro, na gaji. Na koyar da direba, na koyar da mahauci, har wani gurgu na koyar, yanzu yana ƙasar waje. Ban taɓa ganin hannun banza irin naka ba. Kada in sake ganin ƙeyarka a ɗakin nan sai yatsun nan sun yi kanta. In wata ya ƙare ba su yi ba, ka dawo mini da jitata, ka je ka koyi tafi."

Kumfa ya miƙe, idanu jajir. Har ya kai ƙofa da jita a rataye a baya, sai Oga ya turo masa wani ƙullin kaya da ƙafa.

"Ungo na jiya. Ka jiƙa su sosai, ka cuɗa wuyan rigunan nan da hannu. Wancan karon ban ga haske ba."

Jama'a, a nan duniya ta tsaya.

"Da hannu?" in ji Kumfa. "Da wane hannun? Oga, da wane hannun? Wanda ka ce kitse ne? To wa ya mai da shi kitsen? Rigunanku! Kun san irin gumin da kuke yi? Mai gangar nan naka ba mutum ba ne, famfo ne! Rigarsa kaɗai sai ta kwana a ruwan cire tabo, ruwan da ke cin fata kamar wuta! Kai ne mai jiƙa yatsun, kai ne mai zagin yatsun! Ka ce in bushe, ka ce in jiƙe! Ni kifi ne ko ƙadangare?"

Oga ya kunna sigari. "Ka gama? Ja mini ƙofar in ka fita."

Kumfa ya ja ƙofar da ƙarfin tsiya, har mai shagon taya ya fito yana tambayar wace mota ce ta yi faci.

Bai san yadda ya iso rumfa ba. Ya zazzage ƙullin a rabin duro, ya antaya ruwa da garin sabulu, ya tsaya yana huci. Hannunsa ba zai taɓa rigunan nan ba, ko za a yanka shi. Amma kuma dole a ci mutuncinsu. Sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya faɗa ciki da ƙafa.

"Wannan ta Oga ce!" Tim. "Wannan ta mai ganga!" Tim. "Kitse ko?" Tim. "Tafi ko?" Tim.

Yana tattakawa yana zagi, hagu, dama, hagu, dama, kumfa na tashi har gwiwa. Jitar da ya manta da ita tana bugun bayansa. Can sai ya ji wani abu. Ƙafafun nan da aka ce sun mutu, ga su suna tafiya daidai, babu mai riga wata. Ya juyo da jitar gaba, ya ɗora busassun yatsu a kan waya, ya kaɗa. Da zafi, amma sautin ya hau kan takun ya zauna daram.

Masu gyaran babur suka ajiye sifana suka zagaye rumfar.

"Likita ya haukace!"

"Uwarka ce ta haukace!" in ji Kumfa, bai ko ɓata taku ba.

Daga ranar hannun hagunsa ya yi ritaya daga ruwa. Wanki da ƙafa, tsamo kaya da sanda, buroshi da hannun dama, matsa kuwa sai ya naɗe riga a jikin turken rumfa ya murɗa. Hannun hagu na sama a bushe kamar na mai rantsuwa a kotu. Ko ruwan sama aka fara, shi yake fara ɓoyewa kafin kayan mutane. Kayan Oga kuwa wajen mai shagon taya yake ajiyewa ya juya.

Kafin wata ya ƙare ya hau benen nan, ya tura ƙofa ba sallamar kirki, ya miƙa hannu a hancin Oga.

"Taɓa."

Oga ya taɓa. Ya sa farce ya ƙwanƙwasa. Ya nuna jita da haɓa. Kumfa ya tsaya a tsaye, don yanzu a zaune ba ya iyawa, ya shiga taka daɓen ɗakin yana kaɗawa har ƙarshen waƙa. Ƙafar Oga ta soma motsi da kanta, ya yi maza ya take ta da ɗayar.

"Hm. Taku ya zo. Amma me ya sa kake ɗaga gwiwa kamar mai tsallake kwata?"

"Ba ruwanka."

Oga ya kwance ƙullin gugar da ke gefe, ya ɗaga farar riga wajen taga, ya ƙura wa wuyanta ido.

"Wannan wuyan bai fita ba."

"Ba zai fita ba. Ƙafa ba ta cuɗa wuya. Ka zaɓa, Oga: farin wuya ko kanta. Ba za ka samu biyu a jikina ba."

Suka tsaya suna hararar juna, fanka na ta ƙara. Oga ya dubi rigar, ya dubi yatsun. Ya ja tsakin da ya kusa kai na Kumfa, ya jefa rigar kan gado.

"Matso nan, ɗan banza. Sa yatsan farko a waya ta biyu. Ta biyu na ce! Kunnen ma a ruwa ka jiƙa shi?"

Yanzu in ka je otal ɗin nan za ka ga Oga da yaransa kowa da jan ƙyalle ɗaure a wuya, ya rufe dauɗar wuyan riga. Samari har kwaikwayo suke yi, wai sabon salo ne. Kumfa kuwa yana nan a rabin duronsa da jita a ƙirji, yana taka kayan mutane, yana zagin yatsun ƙafarsa da suka fara saɓulewa.