Malam Kalilu da Dubu Goma da Ɗaya

Duk wanda ya yi sakandare a hannun Malam Kalilu na Gwadangaji ya san shi da abu guda: son lambobin nan masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su daidai sai ɗaya ko su kansu. Bakwai, goma sha uku, casa'in da bakwai. Yana maganarsu kamar 'yan unguwarsu. Ga tagwaye, irin 10,007 da 10,009, da biyu kacal ke tsakaninsu. Ga waɗanda ko ta gaba ko ta baya ka karanta ba sa sauyawa. A cikin waɗannan na ƙarshe yake kawo abar alfaharinsa, 10,001, ya buga allo ya ce duk mai jin kansa ya zo ya raba ta. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taso.

Bayan ya yi ritaya, wata ranar Talata da hantsi, yana kakkaɓe tsofaffin littattafansa, sai ya ci karo da shafin da ya gwada lambar tun yana saurayi. Ashe a kan saba'in da ɗaya ya tsaya, ko me ya katse shi oho. Ya ɗauki fensir ya gwada saba'in da uku. Ta rabu tsaf, sau ɗari da talatin da bakwai, ko ragowa babu.

Ranar ko tuwo bai ci ba. Matarsa Laure ta ce, "Malam, wa ka tuna wata lamba yanzu?" Ya ce shi dai amana aka ba shi, kuma ba zai je kabari da ƙarya a kan yaran mutane ba.

Haka dattijon nan ya shiga bin tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya a keke napep, yana gaya musu lambar tana rabuwa. Munzali tela a Nasarawa ya yi dariya har da riƙe ciki. Maigandi, da ya tarar tsamo-tsamo cikin gonar shinkafarsa a Zauro, ya rantse bai taɓa jin lambar ba, amma Malam bai tafi ba sai da ya zana masa lissafin a kan laka. Mutane suka ce tsufa ne. Ni kuwa da na zauna a ajinsa, ban ga malamin da ya kai shi ba.

Wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce Rukayya, gwanar ajinsa, da ke koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Argungu. Ya same ta a bakin aji, ya faɗa mata. Ita ba ta yi dariya ba.

"Mallam," ta ce a hankali, "shekara goma sha biyu ina hwaɗa ma ɗiyan ga hakanan. Ban taɓa gwadawa ba, tunda kai ka ce."

Kunya ta rufe shi. Ya leƙa ta taga, ga yara sittin da wani abu zaune.

"Ba ni alli, ɗiyata," ya ce.

Ya shiga, ya yi sallama, ya rubuta 10,001 a allo.

"Ni na koya ma malamarku wagga lamba, kuma kuskure na yi. Ku hiddo takarda. Yau kowa da hannunai za shi gwadawa."